Ƙera Ƙananan Jiragen Ruwa: A Koya Wa Matasanmu Ma'auni, Ba Yabo Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani aikin hannu da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, wato ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwa. Sau da yawa akan ga hoton matashi yana yawo a intanet, ya haɗa tirela ko jirgin sama ko jirgin ruwa da kwali da gwangwani da tsohon silifa, jama'a na ta sa masa albarka. Ya cancanci albarkar, don hannun akwai shi. Sai dai yabo kaɗai ba zai kai shi gaba ba. Abin da ya raba kayan wasa da samfurin da gidan tarihi zai karɓa shi ne ma'auni, lamba ɗaya da kowane yanki na jirgin zai yi wa biyayya, tun daga ƙashin bayansa, wato dogon katakon da ke ƙasan jirgi daga goshi zuwa baya, har zaren da ya fi kowanne siranta. Da ma duk sa'ad da wakilanku suka je ɗaukar irin wannan labari za su riƙa tambayar mai aikin: wane jirgi ne ka kwaikwaya, kuma a wane ma'auni? Tambayar kaɗai darasi ce.

In an rubuta 1:100, ana nufin santimita 1 a jikin samfuri tana a matsayin mita 1 a ainihin jirgin. Titanic, wanda aka ƙera a Belfast ya kuma nutse a 1912, tsawonsa mita 269 ne. A ma'aunin 1:350 zai zo santimita 77, a 1:700 kuma 38 da 'yan kai. Lissafin tsawo kowa na iya yin sa. Inda ake zamewa shi ne ƙananan kaya: ƙofa, tsani, shingen bakin jirgi, kaurin igiya. Maganin wannan mai sauƙi ne. A yanka siffar mutum a kwali gwargwadon ma'aunin, mai mita 1.7 zai zama milimita 17 a 1:100, a ajiye shi a kan tebur. Duk abin da aka ƙera a tsayar da shi kusa da shi. In matakalar tsani ta kai masa ƙugu, ko igiyar da ya kamata ya riƙe da hannu ɗaya ta kai kaurin cinyarsa, a sake aiki. Tun ƙarni na 17 masu ƙera wa rundunar ruwan Ingila samfura suka fi yin aiki da 1:48, kuma da yawa daga cikin ayyukansu na nan a gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich a Landan. Bin ma'aunin nan ne ya sa har yau ake zuwa kallon su, ba girmansu ba.

Zanen jirgi kuwa, in an samo shi a intanet za a buga, a yi hattara da masu kwamfuta na kasuwa. Injin yakan matse zane don ya shiga takarda ba tare da kowa ya lura ba, sai haƙarƙari, wato allon da ake jerawa a gicciye a kan ƙashin baya don ba jirgi siffa, ya fito ƙarami da milimita biyu ko uku, ya ƙi dacewa da zanen gefe da aka buga a wata takardar. A ce a buga shi ɗari bisa ɗari, sannan a ɗora rula a kan layin ma'aunin da ke jikin zanen, a tsaye da a kwance, kafin a yanka komai.

Kada mai farawa ya soma da HMS Victory, tsohon jirgin yaƙin rundunar ruwan Ingila, ko da yake shi ne ke ɗaukar ido. Wannan jirgi da aka sa a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yana nan a Portsmouth, bindigoginsa 104 ne, igiyoyinsa kuma in an jera su sun kai kimanin kilomita 42. Ko a 1:100, zare mita 420 ke nan da za a ɗaure da matsefata. Yawancin waɗanda suka fara da shi sukan tsaya a rabin gangar jiki, aikin ya ƙare a kan sif. Gara a fara da kwale-kwale, sannan ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya, wato doguwar sandar da ke tsaye a kan jirgi. Muna ma da abin kwaikwayo a gida. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000, shi ne mafi tsufa da aka gano a Afirka. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin jikinsa wajen santimita 5. A 1:20 zai zo santimita 42 a tsawo, 2.5 a faɗi, bangonsa kuma milimita 2.5 kacal. Wanda ya iya fafe itace har ya sauko wannan kauri bai huda shi ba, ya koyi riƙon wuƙa da zai yi masa amfani a kowane jirgi.

Kamfanoni irin su Amati na Italiya, OcCre da Artesania Latina na Sifen, da Billing Boats na Denmak suna sayar da akwati mai ɗauke da zane da katako da zare, amma canjin kuɗi da kuɗin aikowa sun sa ya fi ƙarfin ɗalibi. Ba dole ba ne. Farin katakon nan mai laushi da ake kira obece, daga dazukan Afirka ta Yamma yake fita, kuma masu wannan aiki a Turai ma suna amfani da shi. Yana yankuwa da reza, yana lanƙwasuwa, ya dace da rufin farko na gangar jikin jirgi. Maɗaci yana da kyan launi amma ramukan jikinsa manya ne, rami mai rabin milimita a 1:100 ya zama kogo mai santimita 5, don haka a bar shi ga gindin ajiye samfurin. Don ƙananan kaya masu son kaifin gefe, a nemi itace mai matsattsen jiki kamar na lemo ko gwaba ko kanya, a tsaga shi, a shafe bakunansa biyu da fenti ko kaki, a ajiye a inuwa. Allo mai kaurin santimita 2.5 yana son kimanin shekara guda kafin ya bushe har ciki. Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa mai canjin baki, ƙaramin zarto, rular ƙarfe, ƙaramar sukwaya, magagari, matsefata, abin huda na hannu mai bakuna daga milimita 0.5 zuwa 2, fil, fegin shanya, robar ɗaure kuɗi, da samfefa lamba 80, 120, 240 da 400.

Gangar jiki tana farawa da ƙashin baya na filawud mai milimita 4 ko 5, an yanka masa gurabe, da haƙarƙari 10 zuwa 14 ga jirgi mai rabin mita. Filawud yakan zo da ɗan karkata. A ɗora shi a kan gilashi a gani, in ya ɗaga a wani gefe a canza shi. A matse ƙashin bayan tsakanin katakai biyu miƙaƙƙu da aka kafa a kan allo, kuma ya zauna a nan har a gama rufi. Kowane haƙarƙari a gwada shi ba gam tukuna, ya shiga gurbinsa ba da ƙarfi ba kuma ba ya rawa, samansa ya yi daidai da saman ƙashin baya. A manna su ɗaya bayan ɗaya da farin gam na kafinta, irin su Top Bond, ana riƙe da sukwaya a jikinsa har minti 20 zuwa 30. Haƙarƙari ɗaya da ya karkace da digiri biyu zai sa gefen dama ya fi na hagu ƙiba, kuma ba samfefar da za ta gyara wannan daga baya. Tun a wannan mataki a huda ramuka biyu a ƙasan ƙashin baya, a binne noti a kowanne da Araldite, a ƙarfafa gefensa da guntun katako. Nan ne ƙusoshin gindin ajiya za su shiga. Wanda ya manta sai ya ga yana neman inda zai huda a jikin jirgin da ya riga ya sha fenti da igiyoyi.

Daga nan sai aikin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke yanke hukuncin kyan jirgi ko muninsa, wato feƙe gefen haƙarƙari. An yanka su da gefe a miƙe, amma jikin jirgi yana lanƙwasa zuwa goshi da baya, saboda haka falanki zai taɓa kusurwa ɗaya kawai in ba a feƙe ba. A manna samfefa lamba 80 a kan katako mai tsawon da zai haye haƙarƙari uku lokaci guda, a goga a tsawon jirgi. A shafa fensir a gefen da bai kamata a ci ba, na baya ga haƙarƙarin goshi, na gaba ga haƙarƙarin baya, muddin layin fensirin na nan ba a ɓata siffar ba. A riƙa ɗora siririn falanki ana dubawa. Ya kwanta lumui a kan kowane haƙarƙari, ba tudu ba kwari. Inda aka ga haske a ƙarƙashinsa a manna siririn katako a sake gogewa. Tsakanin haƙarƙari biyu na farko da biyu na ƙarshe a cike da guntayen obece a sassaƙa su, domin nan ne lanƙwasa ta fi tsanani kuma falanki yana bukatar wurin kamawa. Sannan a yi wannan lissafi a can baya, inda allon juya akalar jirgi zai zauna: filawud milimita 4, rufin farko 1.5 kowane gefe, na biyu 0.5 kowane gefe, jimla 8. Ginshiƙin da za a manna a wurin kuwa 4 ne ko 5. In ba a rage kaurin filawud ɗin wurin zuwa kimanin milimita 1 tun yanzu ba, bayan jirgin zai fito da kumburi.

Rufi biyu ake yi: na farko da falanki mai 1.5 a kauri da 5 a faɗi don samar da siffa, na biyu da mai 0.5 don kyan gani. Falanki ba ya tafiya da faɗi ɗaya daga goshi zuwa baya, kuma ga dalilin. A bi gefen haƙarƙarin tsakiya da siririyar takarda daga bakin daɓe, wato saman jirgi inda ake takawa, zuwa ƙashin baya, a ce an sami milimita 100. Falanki 20 ke nan za su rufe gefe guda. A auna haƙarƙari na biyu daga goshi, a ce an sami 70. Falankan nan 20 duk sai sun ratsa ta wurin, don haka kowanne zai sauko zuwa 3.5 a daidai nan. A yi wa kowane haƙarƙari wannan lissafi, a rubuta a jadawali, a sa alamomin a jikin haƙarƙarin da fensir mai tsini. Gefe ɗaya na falanki ake ragewa, na sama, da rular ƙarfe da wuƙa, ana bi sau uku ko huɗu a hankali. In an danna da ƙarfi sau ɗaya, wuƙar za ta bi jijiyar katakon ta bar rula. Kada falanki ya sauka ƙasa da rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini, domin a jirgin gaske ba inda za a buga ƙusa a tsini. In lissafi ya nuna za a yi ƙasa da 2.5, sai a tsayar da falankai biyu a kan wani haƙarƙari, ɗaya ya ci gaba a madadinsu. A baya kuwa akasin haka ake samu, wuri yana buɗewa, sai a cusa ƙarin guntu mai yankakken baki tsakanin falankai biyu.

Lanƙwasa katako zafi ne ke yin ta, ruwa yana kai zafin ciki, yana kuma tausasa katakon. A jiƙa falanki minti 15 zuwa 20 a ruwan zafi, a bi shi da jikin ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo ko dutsen guga a kan wani abu mai zagaye, a kafa shi da fil a mazauninsa ba gam, a bar shi ya bushe sarai. Wanda ya manna shi da danshi zai tarar da tsaga tsakanin falankai washegari, don katako jiƙaƙƙe ya kumbura ne, zai koma. A ɗan kankare gefen falankin ta ciki don bakunan waje su haɗu. A huda wa fil rami kafin a soka, in ba haka ba falanki ya tsage. Kuma a riƙa yin ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In aka gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan, jan da katakon ke yi zai tanƙware ƙashin baya, jirgi ya fito kamar ayaba. Falanki biyu ko uku a kowane gefe a zama ɗaya sun isa, sauri ya haifi nawa.

Akwai abin da takardun cikin akwatunan Turai ba sa faɗa, don ba su san hunturunmu ba. A Kano ko Damagaram danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu, ya haura 70 a Agusta. Katako yana shan wannan danshi yana fitarwa, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. A kan milimita 100 na falankai, bambancin zai iya kai milimita 2 zuwa 3. Jirgin da aka rufe a tsakiyar damina, in hunturu ya kama, sai a ji ya yi ƙara ya tsage a layin da gam ya fi rauni. Saboda haka rufin gangar jiki aikin rani ne. A ajiye katakon a ɗakin da za a yi aiki mako biyu kafin a fara, a sa gam a gefen falanki da falanki ba a kan haƙarƙari kaɗai ba, kuma kafin a rufe daɓe a shafe cikin jirgin da banish ko farin gam da aka tsinka da ruwa, yadda ciki da waje za su riƙa shan danshi daidai. Gara da ƙwaron katako suna son obece, wannan shafin yana rage musu hanya.

Game da gam, farin gam shi ne na katako da katako. In an yi kuskure, a jiƙa wurin da sifirit ya yi laushi a cire. Amma a goge wanda ya tsatso da ɗanyen tsumma nan take, don inda ya bushe launi ba ya kamawa, tabon zai fito fari bayan an shafa banish. Sufa gulu na ƙarfe da katako ne, ɗigo a bakin tsinken sakace, ba daga bakin kwalba ba. Tururinsa yana barin farin hazo a jikin fenti da gilashi, kuma ruwan goge jan farce ne ke narkar da shi.

Daɓen jirgi wuri ne da ido ke fara sauka. Falankin daɓe na gaske faɗinsa santimita 25 zuwa 30, tsawonsa mita 6 zuwa 7, wato milimita 3 da santimita 6 zuwa 7 a 1:100. A fara daga layin tsakiya a yi waje. Mahaɗar falankai kada ta jeru a layi guda, a riƙa gusar da ita, ba za ta dawo kan layin farko ba sai bayan falanki uku ko huɗu. Baƙin layin da ke tsakanin falankai, wanda a jirgin gaske ƙullin zare ne da kwalta, ana samun sa da goga fensir mai laushi, 4B ko 6B, a gefe ɗaya na kowane falanki. Alƙalamin maka ba ya yi, tawadarsa tana bin jijiyar katako ta yi jirwaye da zarar banish ya taɓa ta. Kawunan ƙusoshin katako kuwa, a wannan ma'auni rubu'in milimita ne, ido ba ya ganin su. Masu ɗiga su da biro suna ɓata daɓe ne kawai. Haka faranten jan ƙarfe da rundunar Ingila ta riƙa lulluɓe ƙasan jiragenta da su don tsutsar ruwa, Victory ya sami nasa a 1780: kowane faranti wajen mita 1.2 ne da santimita 35, wato milimita 12 da 3.5, kuma ƙusoshinsa a kwance suke, ba ƙuraje ba.

Fenti mai sheƙi shi ke mayar da aikin wata shida kayan wasa. A nemi marar sheƙi, a tsinka shi, a shafa sau uku ko huɗu da ɗan gogen samfefa 400 a tsakani. Baƙi ƙirin da fari fat sun yi wa ƙaramin abu ƙarfi, a ɗan karya baƙin da toka-toka, farin da ɗigon ruwan ƙasa, don haka jirgi yake bayyana in an hango shi daga nesa. A bazara fentin ruwa yana bushewa a bakin burushi, a yi shafi da sassafe, ƙofa a rufe saboda ƙura. Layin ruwa kuma ba a ja shi da hannu. A daidaita jirgin a kan tebur, a ɗaure fensir a kan guntun katako mai tsayin da ake so, a zagaya da shi. Launi ma a bincika, kada a ɗauka. A 2015 an sake wa Victory fenti bayan masana sun binciki tsofaffin shafe-shafen jikinsa, suka gano rawayar da yake da ita a zamanin Trafalgar ta fi wadda aka saba gani haske sosai.

Jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai (yadin da iska ke bugawa ta tura jirgi), gara a fitar da shi daga katako mai kusurwa huɗu da aka tsaga bisa jijiyarsa. A rage shi zuwa sama, a mayar da kusurwa huɗu takwas, takwas sha shida, sannan a murza a cikin samfefa. Sandar da aka saya a zagaye sau da yawa jijiyarta a karkace take, za ta tanƙware bayan damina ɗaya. Ƙananan zobban ɗaure igiya ana yin su da silin jan ƙarfe na cikin tsohuwar wayar lantarki, a naɗe a jikin allura a murɗe ƙafafun.

Igiyoyi su ne rabin aikin, kuma nan ne ma'auni ya fi shan wulaƙanci. Tsofaffin jadawalan Ingila da kewaye suke auna igiya, ba da kauri ba. Igiyar ankar Victory inci 24 ce a kewaye, a raba da 3.14 a sami inci 7.6, wato santimita 19, wato milimita 1.9 a samfuri mai 1:100. Wanda bai san haka ba zai sa igiya mai kauri ninki uku. Jirgi ɗaya yana bukatar zare kauri biyar ko shida, daga 0.1 zuwa 1 da wani abu, masu kauri a ƙasa, sirara a sama. Don sanin kaurin zare, a naɗa shi a jikin fensir ba tazara har ya cika santimita 1, a ƙirga. Naɗi 40 na nufin 0.25. Igiyoyin da ke riƙe da jigo, waɗanda ba sa motsi, baƙi-baƙi ne don ana shafa musu baƙin man itace. Masu jan filafilai kuwa ruwan ƙasa ne mai haske, ba fari ba. A fara daga ciki a yi waje, daga ƙasa a yi sama, in ba haka ba hannu ba zai sami hanyar shiga ba. Igiyoyin gefen jigo bibbiyu ake sa su, dama sannan hagu, ana duba jigon ta gaba da ta gefe kada ya karkata.

Tsanin igiya da matuƙa ke hawa yana da tazarar kimanin santimita 35 zuwa 38, kusan milimita 3.5 ke nan a 1:100. A ja layuka a farin kati da wannan tazara, a maƙala shi a bayan igiyoyin a bi. A fara ɗaura kowane na biyar, sannan a cike tsakani, kuma kada a ja. In an bi su a jere ana ja, igiyoyin gefe za su tsuke a tsakiya su yi ƙugu. Kowane ƙulli a ɗiga masa farin gam da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, a bari ya bushe kafin a datse saura. Sufa gulu yana mayar da zare kamar gilashi, ya karye a bakin ƙullin bayan 'yan shekaru. Nan ma yanayi yana da ta cewa: zaren auduga da aka murɗa yana gajarta in ya sha danshi, ya saki in ya bushe. Wanda ya ɗaure shi tamau a hunturu zai ga ya tanƙwara siraran sandunan sama a damina. Zaren roba na teloli bai damu da danshi ba, shi ya fi dacewa da mu, sai dai a ratsa shi ta kakin zuma sau ɗaya don gashinsa ya kwanta. Kaki in ya yi yawa ƙura yake kamawa.

Filafilai kam ra'ayina a bar su, ko a yi su a naɗe. Yadi mafi siranta a kasuwa ya kai milimita 0.2, a 1:100 ya zama bargo mai santimita 2, ɗinkin keke mai milimita 2 kuma ya zama taki mai santimita 20. Wanda ya nace, ya ja layukan ɗinki da fensir mai tauri a tazarar milimita 6, don ƙyallen filafilai na gaske inci 24 ne faɗinsa, ya rina da fentin ruwa da aka tsinka ƙwarai. Ruwan shayi da ake yawan ba da shawara yana cin yadin a hankali. In za a naɗe, a yanka kashi ɗaya cikin uku na tsawon kawai, in ba haka ba naɗin zai yi ƙato.

Masu son jiragen ƙarfe na zamani, akwai na roba daga Tamiya, Revell, Airfix da Trumpeter, galibi a 1:350 da 1:700. A wanke sassan da ruwan sabulu don man injin da ke jikinsu yana hana fenti kamawa, a datse su da abin yanka ba a murɗe ba, a kankare fenti daga inda za a sa gam, don gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe. Kada a bar su a mota ko bakin taga, ranar Afrilu tana tanƙwara su.

Jirgin da aka gama ba shi da maƙiyi kamar ƙura da hannun baƙo, kuma ba a iya goge igiya ɗari da tsumma. A yi masa akwatin gilashi mai milimita 3 ko 4, a bar tazarar santimita 5 ta kowane gefe, a ajiye inda rana ba ta bugawa. Kada a toshe shi ruf. A bar ƙananan ramuka biyu a gindin, a rufe su da auduga don iska ta ratsa ƙura ta tsaya. Dalili shi ne wasu katakai da gam da fenti suna fitar da tururi mai tsami, in ya taru a rufaffen akwati yana cin duk wani abu na dalma, anka ko bindiga ta koma farin gari. Don haka tun farko a guji dalma, a yi ƙananan kayan ƙarfe da tagulla ko jan ƙarfe. A jikin gindin kuma a manna ɗan allo mai sunan jirgin, shekarar da aka ƙera na ainihin, da ma'aunin da aka bi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano